Na kwashe VM ɗinmu daga ESXi zuwa Proxmox, ga yadda ta kaya

To jama'a, tun da Broadcom suka kammala sayen VMware, kamfanin da ke da ESXi, manhajar da muke gudanar da VM ɗinmu a kanta, a ƙarshen 2023 aka koma tsarin biyan lasisi shekara-shekara, oga ya kira ni ya ce Malam ka san yadda dala take yanzu, nemo mana mafita. VM 7 ne kacal, wato kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin na'ura ɗaya, a sabarmu ta ofis, 2 Windows sauran Ubuntu, sai na ce bari in gwada Proxmox, shi ma irin aikin ESXi yake yi, na wani kamfani ne a Vienna ta ƙasar Ostiriya, a kan Debian, wani nau'in Linux, da KVM, ɓangaren Linux mai gudanar da VM, aka gina shi kuma kyauta ake saukewa.

Abinda ya ja ni shi ne daga sigar 8.2 da ta fito a Afrilun 2024 sun saka hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi. Ka buɗe shafin Proxmox a burauza ta port 8006, ka ƙara ESXi ɗin kamar wata ma'ajiya, ka sa IP da fasuwod, sai ga VM ɗin nan sun jeru, ka kashe wanda za ka ɗauka ka danna, shi da kansa zai juya diskin daga vmdk, tsarin fayil na VMware, zuwa raw ko qcow2 da Proxmox ke amfani da su. Wallahi na zaci sai na kwana ina buga umarni, ashe ba haka ba.

Na Ubuntu ba su ba ni wahala ba, sunan katin netwok ne kawai ya canza daga ens192 ya koma ens18, na gyara a netplan, inda ake saita netwok a Ubuntu, shikenan.

Windows ta farkon ce na sha ruwa, kuma laifina ne, gaggawa. Ban cire VMware Tools, wato direbobin VMware, ba, ban sa direbobin VirtIO, waɗanda Windows ke buƙata dan ta ga diskin SCSI a Proxmox, ba kafin in kwaso, na je na zaɓi SCSI a matsayin hanyar haɗa diskin dan an ce ya fi gudu, ina kunnawa sai shuɗin allo, kuma fa wannan ita ce ke riƙe da manhajar akawu, ranar Lahadi da la'asar, gobe Litinin kowa zai zo aiki, gabana sai faɗuwa yake. Windows ba ta ganin diskin ne tunda ba ta da direbansa. Dabarar ita ce ka mayar da shi SATA ta tashi, ka liƙa wani ɗan ƙaramin diski na VirtIO SCSI, ka sa direban daga ISO ɗinsu, ka kashe, sannan ka mayar da babban SCSI ka gyara jerin tashi. Ta biyun na yi mata komai tun tana can, ko tari ba ta yi ba.

Abu biyu kuma: goge sinafshot, wato hotunan halin da VM take ciki da aka adana, kafin ka fara dan suna jan aikin sosai, sannan in VM ɗinka da UEFI, sabon tsarin tada kwamfuta, take tashi, ka tabbata OVMF, wato UEFI ɗin Proxmox, aka sa mata ba SeaBIOS na tsohon tsari ba. Akwai ma zaɓin kunna VM tun ana kan kwafa, ni dai ban taɓa shi ba, da irin wutarmu in ta ɗauke a tsakiya wa zan kama?

Wata 3 kenan komai lafiya lau, bakof ɗin da ke cikinsa ya ishe mu. Saƙon nan na cewa ba ka da rajista da ke fitowa duk shiga kam yana ɗan ban haushi, amma na saba. Na ba shi 4 cikin 5. Tsohuwar sabar sai da na bar ta sati 2 a kashe ban goge komai ba, yanzu ita ma na sa mata Proxmox.