Firiza ta daina sanyi: gyara, sabuwa ko ta gwanjo?

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Ga yadda na fahimci tambayarki. Firizarki irin ta kwance ce, wadda kike sa zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar sayarwa, ta shekara bakwai a hannunki, yanzu ta daina sanyi. In an kawo wuta sai ta yi ɗan gurnani, ta yi "ƙas", ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sake. Mai gyara ya ce inji ne ya ƙone, kuma kuɗin da ya yanka ya kusa rabin kuɗin sabuwa. Kin kuma ambata cewa sau biyu aka yi mata ɗurin gas bara. Ga zafi ya kunno kai, lokacin cinikinki. A gyara ne, ko a sayi wata?

Kafin a kai ga auna kuɗi, sai an san inda ciwon yake, domin shi ne zai raba gardama. Firiza kashi biyu ce. Akwai kayan da ke waje, a ɗan akwatin nan na ƙasa inda hannu ke kaiwa: inji, rile da kafasita (masu taimaka wa inji ya tashi), tamostat (mai daidaita sanyi), filta (mai tace gas), da robar bakin murfi. Akwai kuma jikin kanta, wato bangon nan mai kauri da aka cika da kumfa, wanda bututun gas ke zagaye a cikinsa ba a ganinsa. Duk abin da ya lalace a kashi na farko ana sauya shi firiza ta koma aiki. Abin da ya lalace a cikin bango kuwa, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Wannan "ƙas" da kike ji, wani ɗan makunni ne a jikin inji da ke yanke wuta in injin ya yi yunƙurin tashi ya kasa, don kada ya yi zafi ya ƙone. Abubuwa uku ke kawo haka. Ko rile da kafasita sun mutu, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ko wutar unguwarku ce ba ta da ƙarfi, abin da ake ce wa lo-karan. Injin an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, in ta faɗi ƙasa sosai ba zai iya tashi ba. Ko kuma injin ne da gaske ya cije ko ya ƙone. Saboda haka ki sa mai gyaran ya cire rilen a gabanki. Zai bayyana ƙananan ƙusoshi uku a jikin injin. Ya ɗora mitarsa ta awon lantarki a kansu bibbiyu: in wayoyin ciki lafiya suke, ƙananan lambobi biyun da mita ta nuna, in aka haɗa su, za su ba da babbar ta ukun. Sannan ya ɗora tsinke ɗaya a kan ƙusa, ɗaya a jikin ƙarfen injin. Nan bai kamata mita ta nuna haɗuwa ba. Daga nan ya sa sabon rile ya gwada da wutar janareto mai ƙarfi. Wannan duka bai wuce aikin minti goma sha biyar ba. Mai gyaran da ya zo hannu rabbana, ya sa kunne kawai ya ce inji ya tafi, ki sallame shi da mutunci ki kira wani. Ina takaicin yawan injinan da ake yankewa lafiyarsu ƙalau saboda ɗan rile.

In rile ne, magana ta ƙare, a gyara yau. Haka in tamostat ne ko robar murfi. Ita robar ma da kanki za ki gwada: ki rufe murfi a kan takarda ki ja, in ta zare ba wani riƙo, sanyi na fita ta nan.

To mu ƙaddara injin ne da gaske. A nan ne maganar ɗurin gas sau biyu ta fi damuna fiye da injin kansa. Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa da aiki. A rufe yake, yana zagayawa cikin bututu shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya yi miki ɗuri bai nemo ramin ya toshe ba, ya sayar miki da sanyin 'yan watanni ne kawai. Kuma inji in yana aiki da ƙarancin gas ba ya hutawa, yana ta zafi, don gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya shi. Akwai yiwuwar yoyon nan ne ya kashe miki inji. In aka sa sabo ba a magance shi ba, hanyar da na farko ya bi ita na biyu zai bi.

Don haka tambayar da za ki riƙe ita ce: yoyon a ina yake? A cika bututun da iska mai ƙarfi, a ɗaura agogon awo, a bi duk mahaɗar walda ta waje da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ne. In an same shi a waje, a yi walda, alhamdu lillahi. In kuwa an bi ko'ina ba kumfa, amma da safe allurar agogo ta sauka, ramin yana cikin bango. Masu gyara suna da dabara: su naɗe sabon bututun jan ƙarfe a cikin firizar, ko su rataya mata raga a baya. Yana aiki, kuma ban raina masu yin sa ba, akwai gwanaye. Amma wuri zai ragu, ƙanƙara za ta riƙa taruwa a kan bututun, kuma ranar da yarinya ta sa wuƙa tana ɓamɓarar ƙanƙara, shi ke nan an koma gidan jiya.

Yanzu mu jera su gefe da gefe.

Ta fuskar kuɗin da zai fita yau, gyara ne a gaba, ko da inji za a sauya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kayan lantarki suka yi tashin gwauron zabi, shi ya sa gyaran da a da ake ganin bai cancanta ba yanzu ya zama abin dubawa. Sai dai ki tambaya wane irin inji za a sa miki, domin iri uku ne a kasuwa: sabo fil a kwali, na hannu da aka ciro daga wata firizar, da wanda aka yanka aka sake naɗa wayarsa aka like da walda. Na ƙarshen nan ki guje shi. Za ki gane shi da tabon walda a zagayen cikinsa. Kuma aikin sauya inji yana da ƙa'ida. Dole a sa sabuwar filta, a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, a ɗura irin gas ɗin da aka rubuta a takardar bayan firizar, daidai nauyin da aka rubuta. In R600a ne, 'yan giram ne kawai, kuma yana kama wuta, ba a walda sai an tabbatar ya fita sarai. In R134a ne, injinsa daban, mansa daban. Ba a musanya su. Wanda ya yi miki aikin a kan wannan ƙa'ida kuɗinsa zai fi na mai ɗuri da ka, amma shi ne gyaran da ya cancanci a kwatanta da sabuwa.

Ta fuskar kwanciyar rai, sabuwa ta yi wa gyara nisa. Mai gyara, in ya kyauta, ya ce ki dawo in ta ba da matsala cikin wata ɗaya ko biyu, da baki. Sabuwa daga dila na gaskiya tana zuwa da garanti a rubuce, yawanci shekara ɗaya a kan jiki, inji kuma fiye da haka a wasu kamfanonin. Ki karɓi rasit da katin garanti mai hatimi, ki tambayi inda ofishin gyaransu yake a garinku kafin ki biya. Garantin da sai an kai kaya Legas ba shi da amfani ga mai sayar da ƙanƙara a watan Afrilu.

Shan wuta kuwa ya danganta da yadda kike biya. In kina da mitar wuta, musamman in unguwarku tana rukunin Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, wanda hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, lissafin yana da nauyi. Mu ƙaddara tsohuwar ta fi sabuwar shan yunit ɗaya a rana, a kan naira 200: naira 6,000 ke nan a wata, 72,000 a shekara. Firizar da kumfarta ta jiƙe tana iya yin haka, kuma alamarta ita ce gumi a jikin bango ta waje da tsatsa a gindi. In kuma kina tunanin komawa sola, sabuwa mai injin inbata, wato mai ƙara gudu ko rage shi gwargwadon buƙata, ta fi dacewa, don ba ta fizgar wuta da yawa lokacin tashi kamar tsohon inji. Aibinta ɗaya: tana da allon lantarki mai tsada wanda ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. Tsohon inji ya fi ta juriya da sauƙin samun kayan gyara a kowace kasuwa.

Sai ta uku, wadda na san za a ba ki shawararta: ta gwanjo, wadda ake ce wa Beljiyam. Jikinsu da kauri, gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka dace. Amma ki duba takardar bayanta, akwai haruffan da ke nuna yanayin da aka ƙera ta dominsa. N da SN iyakarsu zafin digiri 32, ST 38, T kuma 43. Da yawa daga waɗanda ake kwasowa daga Turai N ko SN ne, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri bazara tana haura 40. Irin wannan injinta ba zai huta ba. Waɗanda suka tsufa sosai kuma suna amfani da R12, gas ɗin da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi saboda illarsa ga sararin samaniya, samun na gaskiya yanzu sai an sha wuya. Ƙasar Ghana ma tun 2013 ta hana shigo da tsofaffin firji saboda yawan shan wutarsu. A ganina ta gwanjo ta haɗa aibin ɓangarorin biyu: kuɗi mai yawa kamar sabuwa, rashin tabbas kamar gyara. Taki da kika san tarihinta ta fi wadda ba ki san shekarunta ba.

Ga inda na tsaya a kan taki. Shekara bakwai ba tsufa ba ne ga firiza ta kwance. In jikin a bushe yake, ba tsatsa, kuma aka samo yoyon a waje, ki sa sabon inji na kwali, ko da kuɗin ya kai kashi ɗaya cikin uku na sabuwa ko ya ɗan haura. In yoyon a cikin bango yake, kada ki zuba rabin kuɗin sabuwa a kanta. Ki sayar wa masu gyara, suna saye don kayan jikinta kuma sun fi 'yan jari-bola biya, ki cika ki sayi sabuwa mai harafin T. Ke da firizar nan ce jarinki, kwana uku ba sanyi a tsakiyar zafi, da kunun ayar da zai lalace da masu sayen da za su koma wani gida, shi ma kuɗi ne, ki sa shi a lissafi.

Ko wacce kika zaɓa, ki haɗa da sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke dakatawa 'yan mintoci bayan an dawo da wuta kafin ta saki. Ɗauke wuta a dawo da ita nan take yana tilasta wa inji tashi alhali gas bai daidaita ba, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe injina a garuruwanmu. Ki janye ta daga jikin bango kamar taƙi ɗaya, kada rana ta riƙa dukanta. In sabuwa aka kawo miki a bayan a-kori-kura, ki bar ta ta zauna awa huɗu ko fiye kafin ki jona, man injin ya koma mazauninsa.

In mai gyaran ya yi awon, ki turo mana lambobin da mitarsa ta nuna da hoton takardar bayan firizar, sai mu duba tare kafin ki ba da ko sisi.