Kuɗin da za ku riƙo da tukuicin da za ku bayar

Yaya, barka da war haka, ina fata kai da iyali duk kuna lafiya. Ka tambaye ni wane kuɗi ya kamata ku riƙo don hutun nan, dala ko yuro, da yadda ake yi da tukuici. Ga abin da zaman Jamus da ɗan yawon da nake yi suka nuna mini.

Kuɗin ƙasar da za ka sauka, shi za ka nema. Dala tana da farin jini wurin 'yan canji, amma a shagon Turai ko ruwan sha ba za ta saya maka ba sai ka sake canja ta, kuma duk canji akwai abin da ake yanka. In Faransa ce ko Italiya ko Jamus, ku taho da yuro kai tsaye. Sai dai ba duk Turai ake cin yuro ba. Ingila fam take amfani da shi, Suwizalan faran, Folan da Suwidin da Danmak kowacce da nata kuɗin. Inda dala take da daɗin riƙewa shi ne Saudiyya da Dubai, don an ɗaure kuɗinsu da ita: dala ɗaya riyal 3.75 ce, ko kusan dirhami 3.67, farashin ba ya hawa da sauka.

Ka duba takardun da kyau kafin ka karɓa. 'Yan canji a ƙasashe da yawa suna ƙin tsohuwar dala ɗari ko su karya mata farashi, sun fi son mai shuɗin zare da ta fito a 2013. Fam 20 da fam 50 na takarda sun daina ci a shagunan Ingila tun ƙarshen Satumba 2022, na roba ake karɓa. Yuro 500 kuwa an daina fitar da ita a 2019, har yanzu kuɗi ce, amma mai shago da wuya ya taɓa ta. Ka nemi 'yan 10 da 20 da 50. In tsabar da ke hannunka ta kai yuro 10,000, dole ka sanar da kwastan lokacin shiga Tarayyar Turai.

Kada ka canja da yawa a filin jirgi, farashinsu ya fi na ko'ina muni. Kuma ka riƙo kati, domin motocin bas na Landan sun daina karɓar tsaba tun 2014, a Suwidin ma shaguna da dama kati kawai suke so, alhali nan Jamus akwai ƙananan wuraren da sai tsaba. Idan na'ura ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasar ko da kuɗin katinka, zaɓi na ƙasar. Ɗaya zaɓin, masu na'urar ne suke yanka farashin canjin yadda suka ga dama.

Maganar tukuici ita ta fi damuna, don a nan ake tauye mutane ba da niyya ba. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, bisa cewa tukuici zai cike sauran. Wasu jihohi sun ɗaga, amma tsarin yana nan. Shi ya sa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kuɗin abinci, a wurin wannan bawan Allah kuɗin hayarsa ne da cefanensa. Wanda ya wuni a tsaye yana yi muku hidima, ka tashi ka bar teburi fayau, ka ci guminsa. Ka sa wannan a lissafinka tun kafin ku zauna.

A Faransa an riga an haɗa kuɗin hidima cikin farashi, ɗan abin da ka bari alheri ne kawai. A Landan sau da yawa za ka ga an ƙara kashi 12.5 a rasit, to ka karanta kada ka biya sau biyu. Tun Oktoba 2024 doka ta tilasta wa masu gidajen abinci a can su miƙa wa ma'aikata tukuicin gaba ɗaya, kuma wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Nan Jamus cikewa ake yi: abinci ya kama 27, sai ka ce 30 lokacin da kake miƙa kuɗin, ba a bari a kan teburi. Japan ba a bayarwa sam, mai hidima na iya biyo ka da canjinka. Masar kuma kusan kowace hidima da ɗan abinta, daga mai ɗaukar jaka har mai gadin ƙofa, don haka aljihu ya kasance da ƙananan fam na Masar.

Abu guda da zan roƙe ka: kada ka ba ma'aikaci sulallan wata ƙasa. Banki ba ya canja sulallan waje, sai ka ga mutum a bakin otal da tarin sulallan yuro yana neman baƙon da zai musanya masa da takarda. Ka ba shi kuɗin ƙasarsa, hannu da hannu in da hali.

Ka turo mini sunayen ƙasashen da kuka tsayar da ranar tashi, in lissafa maka abin da zai ishe ku a kowacce. A gaida Anti da yara.