Gone Girl ko The Silent Patient, wanne za ki saya?

'Yar uwa kin ce kuɗinki na littafi ɗaya ne kuma kin rasa na ɗauka tsakanin biyun nan. Duka na karanta su, ni dai Gone Girl zan ce miki, amma bari ki ji dalili.

The Silent Patient na Alex Michaelides ne, ya fito 2019. Wata mai zane ce a Landan, Alicia, ta harbi mijinta sau 5 a fuska, daga ranar ba ta sake cewa uffan ba, sai wani likitan ƙwaƙwalwa Theo ya nemi aiki a asibitin da aka ajiye ta don shi lallai sai ya sa ta magana. Turancin mai sauƙi ne, babi-babin gajeru, kina cewa bari in ƙara ɗaya sai ki ji kiran assalatu. Kuma juyin da labarin ya yi a ƙarshe ya kama ni wallahi. To amma duk ƙarfinsa a nan ya tsaya. Sauran mutanen ciki ba su da rai, an zuba su ne kawai don ki yi ta zargin wannan ki koma kan wancan. Aikin likitancin ma bai zauna mini ba, duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya san likita ba ya bin dangin majinyaci gida-gida yana musu tambayoyi kamar ɗan sanda, shi kuwa Theo abin da yake yi kenan.

Gone Girl kuma na Gillian Flynn ne, 2012, har fim aka yi masa a 2014. Amy ta ɓace ranar da aurensu da Nick ya cika shekara 5, a jihar Misuri ta Amurka. Babi ɗaya mijin ke magana, na gaba kuma littafin sirrin matar ne, kuma babu wanda za ki yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da ya riƙe ni shi ne auren kansa. Su biyun marubuta ne a New York, aiki ya ƙare musu, suka koma garinsu mijin, ya buɗe mashaya shi da 'yar uwarsa da suke tagwaye da ragowar kuɗin matar, daga nan raini da gori da ƙullata suka fara taruwa a hankali ba mai faɗa wa wani. Wannan kam ko a Tudun Wada mun san irinsa, gida shiru amma kowa na cin kowa a ciki. Shi juyinsa a tsakiya yake zuwa, kuma ko kin san shi za ki so ki ci gaba saboda mutanen ne suka ɗaure ki.

Aibinsa fa ba kaɗan ba. Farkon yana jan ƙafa, shafi ya haura 400, akwai ashar da batsa sosai, ba na barin shi inda yara za su ɗauka. Ƙarshen kuma ya ƙona mini rai, har yau ina ganin marubuciyar ta matsa wa labarin ne don ya ƙare yadda take so.

In Turanci mai nauyi yana gajiyar da ke ko ba ki jure kalaman banza, ɗauki na Alicia, ba za ki yi asara ba.