Daga Huay Xai zuwa Luang Prabang: wanne zaka biya wa kuɗinka, jirgin ruwa, bas ko jirgin ƙasa?

Toh, in dai ka saɓa jakar goyo ka nufi arewacin Tailan da niyyar gangarawa Laos, ko ba daɗe ko ba jima sai ka tsinci kanka a Chiang Khong, garin kan iyaka na Tailan, kana hangen Huay Xai ta Laos a tsallake, kogin Mekong na tsakaninku. Kogi ne ba na wasa ba, ya haura kilomita 4,300, ya ɗan ɗara Kwara tsawo, ƙasashe 6 yake ratsawa daga Sin har ya faɗa teku a Biyetnam. Tsallakawa kam ba wuya, tun Disamban 2013 aka buɗe gada, bas ke kwasar mutane daga wannan ofishin shige da fice zuwa wancan. Inda gizo ke saƙar shi ne daga nan ya za a yi ka kai Luang Prabang, tsohon birnin sarautar ƙasar, don tun kafin ka gama mayar da fasfo aljihu 'yan kamasho sun yi maka caa, kowa na rantsuwa tasa hanyar ce ta gaskiya.

Amma tukuna, mai koren fasfo ya saurara. Turawan da zaka gani suna cike fom a bakin gada ana buga musu biza nan take, kar ka ɗauka kai ma haka ne, bizarka ta Laos ka nemo ta a ofishin jakadancinsu tun kafin ka doshi iyaka, kuma katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo don Tailan na tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. In wannan bai kammalu ba duk sauran bayanin nan tatsuniya ce.

Na farko, kuma wanda ni shi nake ba mutane shawara, shi ne jirgin ruwan nan mai tafiyar hawainiya. Dogo ne siriri na katako, da rufi, gefensa a buɗe, kujerun ciki kuma wallahi kujerun tsofaffin motoci ne aka ciro aka jera, wasu ko ƙusa ba a buga musu ba, in ka miƙe ƙafa sai kujerar gabanka ta matsa. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, kwana 2, ranar farko awa 6 zuwa 7, a kwana a wani ɗan gari da ake kira Pakbeng, washegari a ƙara awa 7 ko 8. Kuɗin tikiti bai cika wuce dala 20 da 'yan kai ba, kwanan Pakbeng da abinci kuma daga aljihunka. Ban kawo farashin da kip ba da gangan, kuɗin nasu ya sha ƙasa sosai a 2022, mu da muka san halin naira ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abun da kake saya da wannan kuɗin ba wai sufuri ne kawai ba. Ƙauyukan bakin kogin da yawansu jirgin nan ne motarsu, sai kaga an karkata an nufi wani tudun yashi da ba alamar gari, babu tasha babu komai, yaron jirgi ya jefa katako ɗaya siriri, wata tsohuwa ta tako ta kansa da buhun shinkafa a baya ko tangaɗi babu, a bayanta wani na turo babur, sai kaji a cikin kwandon gora ana ɗora su kan rufi. Kafin ka gama kallo an janye katakon an ci gaba. Ga ɓaunaye kwance cikin ruwa sai hanci kawai a waje, ga fatsar gora an kafa a jikin duwatsu, da rani har mata zaka gani a gaɓa da faranti suna wankin zinare kamar dai a wajen Anka. Wanda ya taɓa hawa jirgi a Yawuri ranar kasuwa zai gane yanayin, bambancin kawai nan duwatsu ne da daji suka rufe ka hagu da dama.

Kujera ita ce komai a wannan tafiya, ka ji da kyau. Injin yana can baya, ƙaton injin dizal ne a buɗe, wanda ya makara aka tura shi kusa da shi zai yi awa 7 cikin ƙara da hayaƙi, in ya sauka har dare kunnensa na kuka. Ni ranar farko haka ta same ni, na tsaya neman burodi na dawo na tarar an cika, lambar kujerar da aka rubuta min a tikiti kuwa wani bature na zaune a kanta ya yi ɗaiɗai, na nuna wa yaron jirgi ya yi murmushi ya nuna min baya. Washegari tun ana sallar asuba na shirya, na riga kowa. Don haka ka je da wuri, ka nemi tsakiya zuwa gaba, ka riƙe auduga ko abun toshe kunne. Wata dabarar kuma, in tsarin tafiyarka zai yarda, ka yi ta a juye, daga Luang Prabang ka hauro Huay Xai, yawancin baƙi gangarawa suke yi don haka mai haurowa ya fi samun sarari.

Sai batun ka sayi tikiti da kanka ko ka sayi na haɗe-haɗe daga Chiang Mai ko Chiang Rai, biranen arewacin Tailan, wanda za a ɗauko ka daga masauki har bakin jirgi. Na haɗen ya fi tsada, amfaninsa ɗaya ne, ba zaka yi ta lissafin bas da adaidaita da ƙarfe nawa za a buɗe iyaka ba. In kana da kwana ɗaya na rara gara ka hau bas daga Chiang Rai, awa 2 da ɗan wani abu ne zuwa Chiang Khong, ka tsallaka da yamma ka kwana a Huay Xai, da safe ka taka da ƙafarka ofishin tikiti da ke saman tashar. Kuma duk wanda ya tare ka ya ce wai ɗakunan Pakbeng sun ƙare sai ka biya a hannunsa yanzu, ka ce masa ka gode. Garin titi ɗaya ne da ya hau tudu, kusan rabinsa masaukai ne, masu su da kansu ke jiran jirgi da hotunan ɗaki a hannu. Sai dai in Disamba ne ko Janairu lokacin cunkoso, nan kam ka kama ɗaki ta waya tun da wuri ba laifi.

A Pakbeng ɗin ne ma zaka gane dalilin jakar goyo. Daga bakin ruwa zuwa titi hawa ne, ga yashi ga duhu ya fara, masu akwati mai taya sai ka tausaya musu. Jaka mai lita 40 ta isa, da ƙarama a ƙirji wadda fasfo da kuɗi da caja ke ciki, don manyan jakunkuna tara su ake yi wuri guda ba zaka sake ganin taka ba sai an sauka.

Na biyu shi ne ƙaramin kwale-kwale mai gudun tsiya, wanda ke cinye tafiyar kwana 2 cikin awa 6. Mutum 6 zuwa 8, a zaune a ƙasa gwiwa na taɓa haɓa, a ba ka hular kwano da rigar ruwa, injin mota a baya yana ihu. Hular kwanon kaɗai ta isa ta gaya maka komai. Da rani duwatsu na fitowa, da damina kututtura na yawo a ruwa, an sha yin haɗari da asarar rai. Kuma ya fi tsada. Ni ban ga ribar ba.

Bas kuma na dare ne, awa 12 zuwa 14 ta Luang Namtha da Oudomxay, hanya duk kwana-kwana a kan tsauni, mai saurin amai ya shirya leda. Wasu basbas ɗin gado ne a ciki, amma gadon mutum biyu ne ƙanƙani, in kai kaɗai ne za a iya haɗa ka da baƙon da ba ka sani ba, don haka 'yar'uwa mai tafiya ita kaɗai ko ta sayi gurbi biyu ko ta haƙura da shi. Ribarsa kawai ka tsira da kuɗin ɗaki na dare ɗaya.

Jirgin ƙasa shi ne sabon shiga, layin da Sin ta gina daga Boten a kan iyakarta da Laos zuwa Vientiane, babban birnin Laos, an buɗe shi ranar 3 ga Disamba 2021, yana gudun kilomita 160 a awa, tsaf-tsaf da sanyin AC. Sai dai bai biyo ta Huay Xai ba, dole ka hau ƙaramar bas awa 4 zuwa 5 zuwa tashar Nateuy, daga nan awa ɗaya da rabi kana Luang Prabang. Kaga kenan a yini ɗaya an gama, ga wanda hutunsa gajere ne ko yake da yara ko dattijo wannan ne zaɓi. Tikiti ta manhajar LCR Ticket ake saya ko a tasha, 'yan kwanaki kaɗan kafin tafiya ake sakinsa kuma yana ƙarewa da wuri. Binciken ƙofa kamar na filin jirgin sama ne, wuƙar aljihu da turaren fesawa ƙwacewa suke yi, mai tsadar turare ya kiyaye. Kallo kuwa kar ka sa rai, kusan rabin layin cikin ramin dutse yake, kana fara ganin gonar shinkafa sai duhu ɗif. Shawarata ka ajiye jirgin ƙasa sai zaka wuce Vientiane, nan ne yake da daɗi, awa 2 maimakon yini guda a mota.

Akwai na masu hannu da shuni, jiragen kamfanoni masu zaman kansu, kogi ɗaya, kwana 2 ɗaya, amma da kujerun kishingiɗa da abincin rana da ɗan jagora, suna tsayawa a kogon Pak Ou mai cike da gumakan Buddha wanda jirgin talakawa ke wucewa ta gabansa kawai. Kuɗin ya kan ninka sau biyar ko fiye. Ga ango da amarya ba laifi. Amma tsohuwar nan mai buhun shinkafa ba zata hau shi ba.

Yanzu batun ciki, wanda shi ya fi damun ɗan'uwa Musulmi. Laos ƙasar naman alade ce, har burodin nan dogo da Faransawa suka bar musu ana shafa masa hantar alade, don haka kar ka ga burodi ka saki jiki, ka ce ƙwai kawai ko ayaba, ka haddace "bo kin mu", wato ba na cin alade. A cikin jirgi taliyar kofi ake sayarwa da giya da lemo, taliyar ma ka duba hoton da ke jikinta. Abun da ke ceton mutum shi ne khao niao, shinkafa mai danƙo da ake zubawa a ɗan kwandon gora, da hannu ake ci ana dunƙulawa kamar tuwo, tana riƙe ciki yini guda, ka haɗa da gasasshen kifi shikenan. Miyarsu akwai padaek, ruɓaɓɓen kifi ne mai aikin daddawa, warin ne kawai sai a hankali. A Pakbeng akwai gidan abincin Indiyawa, a Chiang Rai kuma akwai masallaci da unguwar Musulmi 'yan asalin Yunnan, nan ya kamata ka ci ka ƙoshi ka yi guzuri. Sallah kuwa matafiyi ne kai, ga ƙasaru ga jam'i, sai dai ka tuna alƙibla a can yamma take, ni sai da na kalli gabas na kusa kabbara sannan na tuna.

Lokaci ma zaɓi ne. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, amma da safe a kan ruwa sanyi ne kamar hunturun Jos, ka riƙe rigar sanyi. Maris da Afrilu manoma na ƙona daji, hayaƙi ya rufe duwatsun kamar hazon Kano, ka biya kuɗin kallo ka ga fari fat. Damina daga Mayu zuwa Oktoba ruwa ya cika, ko'ina kore, jirgi ya fi sauri, sauro ma ya fi yawa, kuma na zazzaɓin dengi da rana ya fi cizo.

In ka isa Luang Prabang, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi tun 1995, ka ga baƙi sun yi maka yawa, ka hau ƙaramar bas awa 3 zuwa 4 zuwa Nong Khiaw a kan kogin Nam Ou, daga nan kwale-kwale awa ɗaya zuwa Muang Ngoi. A da ta ruwa ake zuwa tun daga Luang Prabang, madatsun ruwa 7 da aka gina a Nam Ou ne suka yanka hanyar. A can kar ka kauce daga turbar da mutanen gari ke bi, Amurka ta zuba wa Laos bam sama da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, har yau akwai waɗanda ba su fashe ba, zaka ga kwankon bam a ƙofar gida an shuka fure a ciki. Shi kansa Mekong ana gina wata madatsar kimanin kilomita 25 sama da Luang Prabang, jirgi na wucewa ta wurin aikin a rana ta biyu, wata kuma an tsara ta kusa da Pakbeng, wanda ke da niyyar wannan tafiya kar ya yi ta ɗagawa.

Af, na kusa mantawa, jirgin ba a cikin gari yake sauke mutane ba, tashar na kusan kilomita 10 a waje, sai ka hau matakala ka sayi tikitin adaidaita a wani ɗan tebur, farashi ɗaya ne ga kowa ba ciniki. Ka ware ƙananan kip a aljihun gaba tun daga Pakbeng, don a wurin ba ATM, kuma mai teburin ba ya son ganin dala mai lanƙwasa.