Wata huɗu da Wi-Fi mai na'ura uku a gidanmu na Nima, Accra

Gidanmu irin na zango ne: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, sai benen da Alhaji ya ɗora a baya. Rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ba ta taɓa isarmu ba. Shi ya sa na gangara kasuwar Circle na sayo na'urorin nan uku da ake kira mesh, masu miƙa wa juna intanet hannu da hannu. Mai shagon ya rantse mini cewa ni da waya mun yi sallama.

Haɗawa kam ba wuya, cikin rabin awa da manhajar waya na gama: uwar, wadda intanet ke shigowa ta cikinta, a falo, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bene. Sabis ya cika ko'ina, har bakin famfo.

Inda gizo ke saƙar shi ne ta benen. Hanya biyu take da ita zuwa uwar: ko ta tafi kai tsaye ta ratsa bangon bulo biyu da rufin kwano, ko ta bi ta ta tsakiya. Ƙarfin hanyoyin ya yi kusa da juna, sai ta kasa tsayawa a kan ɗaya. An buɗe ƙofar ƙarfe, ta sauya. Maƙwabta sun dawo da magariba sun kunna nasu, ta sake sauyawa, don a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawan juna, 1 da 6 da 11, ga gidajen Nima kuwa bango a jikin bango. Shi 5 GHz ya fi gudu, amma ba ya jure bango. Duk sauyi ɗaya, kira ya tsinke na 'yan daƙiƙoƙi. Kana gwada gudu ka ga lafiya lau, amma Hajiya na magana da yayata da ke Jamus tana ta "Kina jina? Kina jina?"

Ranar dumso, wato ɗauke wuta, abin ya fi ban haushi. Da wuta ta dawo, ta benen kan cafke hanyar da ta fara samu, ko da mai rauni ce, ta liƙe a kai sai na kashe na kunna. Manhajar kuma ba ta ba ni damar in ce mata bi nan ba. Wannan ne babban aibinta a wurina, fiye da raguwar gudu, duk da cewa a irin waɗannan masu zango biyu, 2.4 da 5 GHz, kowane tsalle daga na'ura zuwa na'ura kan cinye kusan rabin gudun.

Na matsar da ta tsakiya bakin matakala, abin ya ragu. Na saya wa uwar ƙaramin batir. Ƙarshe dai na ja wayar intanet ta Cat6, wadda ke kaiwa mita 100, daga falo zuwa bene, tun ranar kira bai sake tsinkewa ba.

Zan sake saye, amma da wayar a cikin lissafi tun farko. Yanzu rigimata da yaran gida ce, sun mai da ita igiyar shanya.