Sharhi kan podkas ɗin barkwancin da ke raka mu ɗinkin dare a Gusau

Samari uku ne ke yin shirin daga Abuja, biyu Kanawa, ɗaya Bazazzagi. Duk mako suke sakin sabon kashi, mai hoto a YouTube, murya zalla kuma a Spotify. Ba zan kama sunansu ba, don akwai yabo a bakina akwai suka, su kuma ba su kusa balle su kare kansu. Tsarin ba wani abu ba ne mai wahala: teburi, makirufo uku, kofunan shayi, wani lokaci da baƙo, sai hira ta ɓarke har awa ɗaya da rabi ko biyu. Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ɗinkin Sallah ya san abin da ke kashe mutum shi ne barcin bayan ƙarfe ɗaya na dare, ga tulin shadda an yanka tana jiran keke. A irin wannan lokacin na saba da su, ta ƙaramar sifika da muke ratayawa a jikin taga. Daga baya har na biya ɗan kuɗin wata na shiga zaurensu na Telegram, inda suke zuba abin da suka ce ba ya sakuwa a fili.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi sosai. Sauti tas yake fita ko janareta na ruri, ba su cika hawa kan maganar juna ba, kuma ranar da suka ce za su saki shiri suna saki. Mai hoton dai yana shan data, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, don haka murya kaɗai nake saukewa. Ba abin da ka rasa sai ganin fuskokinsu.

Kuma sun iya. Wannan kam ko maƙiyinsu ya sallama. Akwai kashin da suka yi a kan mai gidan haya da ke zuwa gaisuwar asuba ranar ɗaya ga wata, da wanda suka yi a kan mai POS da kullum "netiwok ne", da na ɗan siyasar da ya zo jaje da masu ɗaukar hoto fiye da masu makoki. Ranar da muka ji wannan na ƙarshe sai da babban yaron shagona ya ɗinke aljihu a bai-bai don dariya. Bazazzagin shi ne gwanin kwaikwayon harshe, kuma mu Zamfarawa ya fi sa wa ido. Sai ya maƙale murya ya ce, "Awo, mi kaka hwaɗi? Yaz zaka da biyat, yat tahi da biyat." Ba mu taɓa jin haushi ba. Yaran ma ramawa suke yi daga kan kekunansu, suna tambayar sifikar yaushe Bakano zai koyi cewa wuri ya bar "guri".

Abin da suke yi ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Muna da 'yan kama, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai su juya karatu da waƙa su koma zancen tuwo da miya. Muna da 'yan gambara masu baki ba linzami, da wawan sarki da ke faɗin abin da fadawa ba su isa su faɗa ba, da tashen watan azumi da ke tsokanar gwauro da mai rowa. A talabijin an yi Samanja, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shekara da shekaru yana sa soja da farar hula dariya a kan rayuwar bariki. A Kannywood an yi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disambar 2014, kuma shi ma bai tsira ba, don a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta tace finafinai a Kano ta ɗaure shi wata biyu. To tambayar ina iyakar wasa ta girmi YouTube nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai abu guda da wasanmu na gado yake da shi wanda makirufo ya cire, shi ne ramuwa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, taubashi da taubashiya: kowanne yana tsokanar wanda ke tsaye a gabansa, mai baki, wanda zai mayar masa nan take, kuma dukansu sun san dokar wasan. In ka wuce gona da iri fuskarsa za ta gaya maka, ka ja baya. A ɗakin naɗar shiri ba fuskar da za ta gaya maka komai. Mutum uku ne ra'ayinsu ɗaya, suna zuga juna, wanda ake yi da shi kuma yana can Anka ko Maru bai ma san ana yi ba, sai guntun bidiyon ya iske shi a wayar ɗansa.

Na ga wannan da idona a kwanakin ƙaramar Sallah. Kashin ranar a kan garkuwa da mutane ne. Ɗaya ya zama ɗan bindiga a waya, ɗaya ya zama magidanci marowaci da aka ɗauke wa mata da suruka, yana ciniki kamar a kara: a rage masa kuɗin matar, surukar kuma a riƙe ta, zai ma riƙa aiko da kuɗin cefanenta. An tsara shi da gwaninta, yara suna ta ƙyaƙyatawa. Wata dattijuwa ce zaune a benci tana jiran a guga kayan jikokinta. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni ta ce, "Ɗana, kashe abin ga. Mu gona munka saida a kan wagga magana." Na ce, "To Inna, Allah ya huci zuciyarki," na kashe. Ɗanta aka tare a hanya, ashe, kuma bayan kuɗin sai da aka haɗa da babur. Shagon ya yi tsit har ta karɓi ledarta ta tafi.

Ban ce kada a yi wasa da wannan masifa ba. Mu kanmu muna yi. Wanda ya dawo daga daji sai ka ji yana ba majalisa dariya da labarin abincin da aka ba su, kuma ba mai hana shi, don shi ya sha wuyar, dariyar tasa ce. Abin dubawa shi ne wa aka ɗora wa dariyar. Zamfara, jihar da aka kwashe 'yan makaranta mata 279 daga Jangebe a Fabrairun 2021, aka rufe mata layukan waya gaba ɗaya a Satumbar shekarar har mutane na tafiya wata jiha don su buga waya, ba ta rasa waɗanda suka cancanci a yi musu shaguɓe. Su kansu samarin sun taɓa yin daidai: sun yi wani kashi inda jami'i ke da takardar Allah-wadai guda ɗaya a aljihu, sunan ƙauye kawai yake canzawa. Wannan na tura wa mutane da yawa. Amma mai gidan da ke ciniki a waya da ran iyalinsa, shi ne mafi rauni a duk labarin, kuma shi suka zaɓa.

Akwai kuma muryar da suke ba ɗan bindigan. Kullum Hausar Bafulatani ce, da lanƙwasa harshe da "aradu". Za su ce ai wasa ne, an saba. An saba tsakanin Fulani da Barebari, inda ba jini a tsakani. A Zamfara akwai jini. Fulani da yawa an kore musu shanu, an ƙona musu ruga, wasu an kashe su a kasuwa don kamanni kawai. Mai tallan nono da ke wucewa ta gaban shagona da ƙwarya a kai ita ce za ta ji yaran unguwa na bin ta da wannan muryar. Masu shirin ba za su taɓa ganin wannan ba daga Abuja.

Dalilin da ya sa abin ke ƙara zafi kullum ba ɓoyayye ba ne. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara masu bi 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, bayan nan kuma yawan kallo ne kuɗinka. Ba mai yaɗa hirar awa biyu. Abin da ke yawo a TikTok da WhatsApp guntu ne da bai kai minti ɗaya ba, kuma wanda ya fi tada ƙura shi ya fi tafiya. A Amurka, Joe Rogan, ɗan barkwancin da ya fara podkas a 2009, ya sayar wa Spotify haƙƙin shirinsa a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 100. A 2022 mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga dandalin saboda maganganun da ake yi kan korona a shirin, aka kuma fito da tsofaffin guntaye inda Rogan ke furta kalmar cin zarafin baƙar fata. Ya nemi afuwa, aka sauke kashi da dama, a 2024 kuma aka sabunta masa kwangila. A Indiya, cikin Fabrairun 2025, tambaya ɗaya ta batsa game da iyaye da wani ɗan YouTube, Ranveer Allahbadia, ya yi a wani shirin barkwanci na YouTube ta kai shi har Kotun Ƙoli, mai shirin kuma ya goge duk abin da ya ɗora.

Wasu abokaina na ganin maganin abin bulala ce. Ban yarda ba. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu na wata guda saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Ku lura da wanda aka taɓa kafin hukuma ta motsa. Bazawarar da ake mayarwa abin dariya kowane mako, da mai in'ina, da kurma, ba su da lauya. In aka ba hukuma wuƙar yanka barkwanci, kashin takardar Allah-wadai za ta fara yankewa, na surukar ya tsira.

Zauren Telegram ɗin kuwa, kuɗina na yi asara. Na ɗauka zan samu hira mai zurfi ko abin da aka yanke saboda tsawo. Abin da na tarar batsa ce tsagwaronta da wani fili da masu saurare ke aiko da sirrin mutane ana karantawa. Suna cewa sun ɓoye suna. To in ka ce malamar asibiti ce a unguwa kaza a Ƙauran Namoda, mijinta direba, ta fito daga gidan miji na biyu, me ka ɓoye? Yaron makarantar allo ma ya san aya ta 11 da ta 12 a Suratul Hujurat sun hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da bin diddigi da giba. Kuma addini bai hana raha ba: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wasa da tsohuwar da ya ce wa tsofaffi ba su shiga Aljanna, kafin ya bayyana mata cewa da ƙuruciya za a shiga. Bai faɗi ƙarya ba, kuma ita ce ta tafi da farin ciki. Wata bai ƙare ba na fita daga zauren. Tallan cacar ƙwallo da suka fara sakawa a tsakiyar shiri shi ma ya dame ni, don yaran da ke koyon aiki a hannuna iyayensu amana suka ba ni, ga shi ana karanta musu lambar garaɓasa cikin raha.

Yanzu ni nake fara saurare da abin kunne, in kashin ya yi sai a sa a sifika, in akwai kwastoma a benci kuma rediyo muke kamawa. Wanda zai gwada, ya nemi na mai gidan haya da na ɗan siyasar jaje, ba zai yi da-na-sanin datarsa ba.

Na rubuta musu saƙo mai tsawo a kan maganar dattijuwar da ta muryar Fulani. Sun karanta shi a shiri, Bazazzagin ya karanta da Zamfarci tun daga sallama har "naku tela", kuma wallahi sai da na yi dariya. Da ya gama sai ya gyara murya ya ce a batun garkuwar, tela ya fi su gaskiya, bai kamata ba. Ɗaya daga cikin Kanawan ya ce in an bi ta kowa ba za a yi shiri ba. Suka wuce zuwa talla. Kashin yana nan har yau ba su sauke ba, kuma shi ne na biyu a yawan kallo a shafinsu.