Maroƙan da muka ɗauka ranar naɗin baffa: dattijon ya san kirari, yaransa ne da gyara

A watan jiya aka naɗa baffana Aliyu Galadiman hakimin garinmu a ƙasar Katsina, kuma ni aka ɗora wa nauyin nemo maroƙan da za su raya taron. Na ɗauki wata tawaga da mutane da dama suka yaba mini, wadda ta ƙunshi dattijo guda mai aikin sanƙira, wato mai shelanta kirari da baki, da makaɗan kotso biyu, da mai algaita, da samari uku 'yan amshi. Tun da mutane suna ta tambayata yadda muka kwashe da su, na ga ya dace in rubuta abin da na gani.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne zuwan da dattijon ya yi kwana uku kafin naɗin. Ya zauna a zaure tare da babban yayan baffa, yana tambayar sunan kaka da kakan kaka, da sana'ar gidan, da wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar ƙofar gida, da ko a zuriyar akwai wanda ya taɓa riƙe limanci. Bai rubuta komai ba, goro kawai yake ci yana gyaɗa kai. Da na tambaye shi amfanin wannan bincike, sai ya ce: "Alhaji, yabo kowa ya iya shi, amma kirari yana da mai shi." A wurinsa yabo shi ne duk wata kalma mai daɗi da za a faɗa wa mutum, kirari kuwa lafazi ne da ya manne wa wani suna ko sarauta ko gari har ya zama ba a ba wani, shi kuma take shi ne abin da ganga ko algaita ke furtawa, wanda mai shi yake ganewa tun daga nesa ko da ba a buɗe baki ba.

Ranar naɗin ya nuna cewa ba cika baki ya yi ba. Da baffa ya fito daga gida, da kirarin sunansa ya tarbe shi, wato "Ali gadanga ƙusar yaƙi", ya bi shi da "Haidar", kalmar Larabci mai nufin zaki, waɗanda duk mai suna Aliyu yake gada daga jarumtar Sayyidina Aliyu. Bai taɓa kirarin sarautar ba sai da aka gama naɗa rawani, sannan ya ɗaga murya ya ce "Galadima babba tomo ƙashin gari", masu kotso suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Wannan jinkiri ya burge ni ƙwarai, domin kafin rawani ya hau kai kalmar ba ta zama tasa ba tukuna. Ita sarautar Galadima daga Borno ta shigo mana, inda a zamanin da mai riƙe da ita yake zaune a Nguru yana tsaron yammacin daular, kuma ta hanyar nan ne Yarima da Ciroma da Kaigama suka zo, yayin da Waziri da Alƙali da Liman suka fito daga Larabci. Dattijon bai yi wa kowa lacca a kan wannan ba, amma ya san nauyin kowace, kuma bai musanya kirarin wata da na wata ba.

Haka ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Malamai ya gaishe su da "Allah gafarta malam" kawai, murya ƙasa ƙasa, ba tare da kiɗa ba. Surukanmu da suka zo daga Kano ya tarbe su da "ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka", ya juyo ga mutanen birnin Katsina da "ta Dikko ɗakin kara". Wanda ya san cewa Ibrahim Dabo ya yi sarautar Kano daga 1819 zuwa 1846, Muhammadu Dikko kuma ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944, zai lura cewa garuruwan sun girmi waɗannan sunaye da ɗaruruwan shekaru, wato kirari yana karɓar sabon suna idan mai sunan ya isa.

Matsalar ta taso bayan la'asar, lokacin da dattijon ya tafi salla ya bar wa samarin lasifika. Wani ɗan kwangila ya yi musu liƙi mai kauri, nan take suka shiga kiransa zaki, toron giwa, har ɗaya ya ce masa "Allah ya ja zamaninka", alhali hakimi yana zaune a wurin. Zamani na mai mulki ne, shi ya sa ake yi wa sarakuna wannan addu'a, kuma "ranka ya daɗe" ta ishi baƙon girma. Na ga fadawan hakimi suna kallon juna, baffa kuwa ya sunkuyar da kai. Ba su tsaya nan ba, sai suka koma habaici ga wani abokin baffa, tsohon malamin makaranta, da bai ba su komai ba, wanda kaɗan ya rage ya zama zambo ƙarara. Tsakanin kirari da kirari kuma suna karanto lambar asusun banki, wai saboda dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙa kuɗi, ko da yake hakan bai hana su tsince abin da ya zuba a ƙasa ba. Ƙarar lasifikar ma ta danne algaita gaba ɗaya.

Ta fuskar kuɗi ba ni da ƙorafi, domin abin da muka yi yarjejeniya a kansa, wato kuɗin mota da abinci da ɗan abin hasafi, shi suka karɓa, kuma sun iso tun kafin hantsi. Zan sake ɗaukar su, amma da sharaɗi biyu: lasifika ba za ta bar hannun dattijon ba, kuma ba za a yi wa baƙo habaici ba. Washegari da sassafe ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa a zaure ya ce: "Ranka ya daɗe Galadima, yara sun yi ɓarna, a yi mini aikin gafara." Baffa ya ce ba komai, ya sa aka ɗauko masa riga 'yar ciki da hula, sannan ya umarce shi da ya biya ta gidan malamin nan kafin ya kama hanya.